Waɗanda Suka Tsira Daga Sansanonin 'Yan Nazi: Jawabin Ranar 27 ga Janairu

 

A rana irin ta yau, 27 ga Janairu 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet suka buɗe sansanin gwale-gwale na Aushwiz a ƙasar Folan. Mutum fiye da miliyan 1 'yan Nazi suka kashe a wurin, galibinsu Yahudawa. A Yaƙin Duniya na Biyu baki ɗaya, Yahudawa kimanin miliyan 6 aka hallaka. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wannan rana domin tunawa da su.

Sansaninmu na mafaka ne, nasu kuwa na kisa aka gina shi. Amma akwai ciwon da duk wanda ya rabu da nasa ya sani. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin yunwa da sanyi da aikin ƙarfi, da lambar da aka zana musu a hannu a madadin suna. Da yawansu kuma sun ce abin da bai taɓa barin zuciyarsu ba shi ne lokacin saukowa daga jirgin ƙasa, inda aka ware maza gefe, mata da ƙananan yara gefe, ko sallama ba a yi ba.

Eli Wizel yana da shekara 15 aka kai shi Aushwiz a 1944. Daga daren saukarsu bai sake ganin mahaifiyarsa da ƙanwarsa ba. Mahaifinsa ya rasu a sansanin Bukenwald a Janairu 1945. Bayan yaƙi aka kai yaron gidan marayu a Faransa. Yana can, yayarsa ta ga hotonsa a jarida, ta neme shi. Ashe yayyensa mata biyu suna raye. Ya yi shekara 10 bai rubuta abin da ya gani ba. A 1986 aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Abu biyu muke roƙonku. Na farko, duk mai ɗan'uwan da ya ɓace, ya je wurin jami'an Red Cross masu haɗa iyalai, ya ba da cikakken sunansa, da sunan iyayensa, da garinsu, da inda aka yi ganin ƙarshe. Kada a ce an daɗe. A garin Arolsen na Jamus akwai takardun mutum kimanin miliyan 17, har yau kuma iyalai na samun labarin nasu a ciki.

Na biyu, kada a matsa wa kowa ya faɗi abin da ya gani. Wanda ya yi shiru, a yi masa uzuri. In ya buɗe baki, a zauna a saurare shi. Yara kuma a koya musu sunayen kakanninsu da na ƙauyukansu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya sada kowa da nasa.