Karatun Kasuwancin Intanet a Jami'a: Wa Zai Biya, Nawa Zai Rage?

Jawabin da ma'aikacin raya karkara ya gabatar a taron iyaye da matasa a Gagarawa

An ce in yi magana a kan wata tambaya da iyaye suke yawan yi mana idan mun shiga ƙauyuka. Yaro ya ce yana so ya je jami'a ya karanta kasuwanci, har da irin wanda ake yi ta intanet. Shin uba ya sayar da bijimi ya biya masa, ko kuwa wasan waya ne aka sa wa babban suna? Tambayar tana da nauyi, domin kuɗin makaranta a gidajenmu daga rumbu da turke yake fitowa.

Amsata ita ce, karatun na gaske ne. Amma amfaninsa duka yana cikin tambayoyi uku da yake koya wa ɗalibi ya riƙa yi: wa zai biya, don me zai biya, kuma nawa zai rage bayan an cire ɗawainiya? Yaron da ya dawo gida ya iya amsa waɗannan a kan riɗi da zoɓo da awaki, kuɗin bai faɗi ƙasa ba. Wanda ya dawo da manyan kalmomin Turanci kaɗai, an yi asara.

Ina ake karatun?

Galibi ba digiri ne mai zaman kansa ba. Darussa ne da ake samu a cikin karatun sha'anin kasuwanci, ko na kwamfuta. Tun wajen 2007 hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta wajabta darasin koyon dogaro da kai ta hanyar sana'a ga ɗaliban digiri. Ba kuma sai an yi nisa ba. Muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da jami'ar jiha a Kafin Hausa da aka kafa a 2013, wadda ake kira Jami'ar Sule Lamido. Ga Jami'ar Bayero a Kano. Ga jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda ta dace da mai aiki ko matar aure. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki jihar nan ta buɗe makarantar koyon kwamfuta a Kazaure. Ashe makaranta ba ita ce ta yi mana ƙaranci ba. Sanin abin da za a je nema shi ne aikin.

Hanyoyin da kuɗi ke shigowa

Abu na farko da ake koyarwa shi ne tsarin kasuwanci, wato ta wace ƙofa kuɗi yake shigowa. Idan kun saurara za ku ji cewa duk mun san su a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis.

Na ɗaya, sayar da kayanka kai tsaye. Mace mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta ɗauki hoto ta sa a WhatsApp, mai so ya tura kuɗi, a ba direba ya kai. Ribarta ita ce bambancin abin da ta kashe da abin da ta sayar.

Na biyu, dillanci. Kamfani kamar Jumia, wanda ya fara a Legas a 2012, yana haɗa mai kaya da mai saye, ya cire la'adarsa. Aikin dillalin kara ne, sai dai rumfarsa tana cikin waya.

Na uku, talla. Ba ka biyan Facebook kuɗin buɗe shafi, amma masu talla suna biyansa domin ya nuna maka hajarsu. Idonka ne ake sayarwa.

Na huɗu, biyan kuɗi wata-wata, kamar yadda ake biyan DStv ko StarTimes.

Na biyar, wakilci. Yaron da ke zaune da na'urar POS ta Moniepoint ko OPay yana karɓar ɗan caji a kan kowane cire kuɗi. Mun ga muhimmancinsa a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwanni.

Dabarar tsayawa a kasuwa

Abu na biyu shi ne dabara: me zai sa a saya a wurinka a bar maƙwabcinka? Wani malamin Jami'ar Harvard ta Amurka, Michael Porter, ya bayyana a 1980 cewa hanyoyin uku ne. Ko ka fi kowa araha, ko kayanka ya bambanta da na kowa, ko ka zaɓi wasu mutane ƙalilan ka yi musu abin da manya ba su kula da shi ba.

Mu auna wannan da zoɓo. Jigawa tana kan gaba a noman zoɓo da riɗi a Najeriya. Ana tara su a kasuwanni irin su Maigatari da Gujungu, a kai Dawanau a Kano, daga nan su wuce tashar jirgin ruwa. Ƙasar Meziko tana cikin manyan masu sayen zoɓonmu. Ɗalibi ɗan Gagarawa ba zai iya karya farashi ya ka da attajirin Dawanau ba, domin wancan tirela yake lodi. Hanyar farko a rufe take. Amma sauran biyun a buɗe suke. Zai iya tsince zoɓo, ya fitar da yashi da ƙaiƙayi, ya shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, ya auna da sikeli, ya ɗaure a leda mai suna da lambar waya, ya sayar wa masu haɗa zoɓon sha a Kano ko Abuja. Abin da yake sayarwa a nan tsabta ce da cika awo. Intanet aikinta kawai ta kai labarin inda ƙafarsa ba za ta kai ba.

Sai lissafi. A ce, don misali, abin da ya saya a naira 100 ya sayar a naira 150. Mai gaggawa zai ce ribar 50 ce. Amma tsincewa ta rage nauyin kayan, a ce asarar naira 10. Leda da aikin ɗauri, 8. Kuɗin mota, 15. Data da cajin waya da cajin banki, 5. Kason kayan da aka dawo da su ko suka lalace a hanya, 7. Abin da ya rage naira 5 ne. Idan kuɗin mota ya ɗaga kaɗan, ya koma yi wa direba aiki. Wannan lissafin shi ne zuciyar karatun.

Kada ku ɗauka ƙananan 'yan kasuwa ne kaɗai yake kamawa. Jumia ta shiga kasuwar hannun jari ta New York a 2019, amma ta yi shekaru tana faɗuwa, kuma a ƙarshen 2023 ta rufe sashenta na kai abinci gida-gida. Kai kaya ƙofar mai saye yana da tsada, ko ga mai biliyoyi.

Abin da waya ba ta gyarawa

Littattafan da ake karantawa a jami'a yawanci an rubuta su ne a ƙasashen da kowane gida yake da lamba, wuta ba ta ɗaukewa. Dole ɗalibinmu ya ƙara da nasa sanin.

Na farko, amana. A kara, baƙo yana sayen sa ne domin akwai dillali ko fatoma da ya san mai dabbar, wanda za a iya kamawa idan ta zama ta sata. A intanet babu fuska. Mai saye yana tsoron tura kuɗi kaya bai zo ba, mai sayarwa yana tsoron saƙon banki na ƙarya. Wanda ya warware wannan ya gama rabin aiki: rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, asusun banki da sunan kasuwancin, rasit, da cika alkawari ko da asara za a yi.

Na biyu, hanya da iyaka. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019, sai Disamba 2020 aka buɗe ta Maigatari. An sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Duk wanda kasuwarsa ta rataya a kan ƙofa ɗaya, ya ji a jikinsa. Dabara ta ce kada ka dogara da mai saye ɗaya, ko hanya ɗaya, ko shafi ɗaya da za a iya rufe maka da safe.

Na uku, kaya. Hoto ba ya cika buhu. Idan babu manoman da za su ba ka kaya mai kyau a kan lokaci, shafinka rumfa ce babu haja.

Garkuwa daga 'yan damfara

Akwai wani amfani da nake so iyaye mata su riƙe. Tambayar nan ta "daga ina kuɗin yake fitowa" ita ce maganin masu cewa ka zuba kuɗi a waya ya ninka. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. CBEX ta rushe a Afrilu 2025 da kuɗin jama'a masu yawa. Ba sa sayar da komai. Kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga, har ranar da sababbi suka ƙare. Adashi ya sha bamban: kowa ya san uwar adashi, kuma abin da ka zuba shi kake kwasa. Ɗalibi ɗaya da ya fahimci wannan zai iya tsare kuɗin unguwa guda. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Shawara

Iyaye, kafin ku kwance dabba, ku tambayi yaro me zai sayar, wa zai saya. Ku duba cewa NUC ta amince da makarantar da kwas ɗin, domin akwai masu sayar da takardar banza ta intanet. Kada ku bar 'yan mata a baya, sana'ar cikin gida ita ta fi saurin cin moriyar waya.

Ɗalibai, kada ku jira sai kun gama. Ku fara da mudu goma tun kuna aji ɗaya, ku sayi littafi ku rubuta shiga da fita kullum. Idan lokacin binciken kammala karatu ya zo, ku zaɓi kasuwarmu, ku zauna da dillalai da direbobi da mata masu tsince zoɓo. Abin da suka sani ba ya cikin littafi, abin da kuka karanta kuma zai taimake su su gane inda ribarsu take zubewa.

Mu kuma a ofis, ƙofarmu a buɗe take ga ƙungiyoyin mata da na matasa da suke so a zauna a yi wannan lissafin tare, kafin su sa kobo. Ku zo da farashin kayanku da kuɗin motarku a rubuce.

Allah ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu, ya kai kowa gida lafiya.