'Ya'yanmu na jami'a da ilimin riƙe jari

  

An ce in yi magana a kan karatun yara, to ni ɓangare ɗaya zan ɗauka. Da yawa daga cikinmu, da kuɗin gyaɗa da daddawa da atamfa muka kai 'ya'ya mata jami'a. Wata tana karanta haɗa magunguna, wata kimiyyar abinci, wata aikin gona, wata kwamfuta. Alhamdu lillahi. Amma kun san aikin gwamnati ya zama abin da ya zama. Yarinya za ta gama, ta yi hidimar ƙasa, ta zauna shekara biyu, daga nan sai uwar ta zo nan ta ce a ba ta rance za a buɗe wa 'yar sana'a. Kuɗin da za a ba ta kuwa adashinmu ne, guminmu ne. Shi ya sa maganar ta shafi kowa, har wadda ba ta da ɗa a makaranta.

'Yata ce ta bayyana mini yadda ake yi a jami'o'in Amurka. Ɗalibi yana da babban fanni, wanda shi ne sunan digirinsa, sannan yana iya ɗaukar ƙaramin fanni a gefe, kamar darasi biyar ko shida. Sai ka ga mai karatun injiniya ko aikin jinya ya haɗa da sarrafa kasuwanci: lissafin shiga da fita, sanya farashi, tallata kaya, tafiyar da ma'aikata. Bai bar fanninsa ba, ƙari ya yi. Jami'ar Amurka da ke Yola tana bin tsarin can, sai dai kuɗinta ba na irinmu ba ne. A yawancin jami'o'inmu kuwa, kwas ɗin da aka ba ka shi za ka bi har ka fita.

Amma ba a rufe ƙofa duka ba. Tun zangon karatu na 2007 zuwa 2008 aka wajabta darasin dogaro da kai ta hanyar sana'a a jami'o'in Najeriya. Hukumar hidimar ƙasa ma ta shigo da shirin koyon sana'a a 2012. Abin da ke damuna shi ne yadda yaran ke ɗaukarsa: a haddace, a ci jarrabawa, a manta. Wasu kuma su dawo gida da murna sun koyi haɗa sabulun ruwa. Madalla, amma haɗa sabulu daban, kasuwancin sabulu daban. A layinmu kaɗai mata nawa suka iya haɗa shi? Wadda ta daɗe a ciki ita ce wadda ta san inda kuɗinta yake.

Bari in ba ku misali, ku biyo ni da lissafi. A ce yarinya ta karanta kimiyyar abinci, ta iya haɗa garin kunun yara mai kyau. Ta sayi kayan naira 40,000, niƙa 3,000, leda da takardar manni 5,000, mota da dako 2,000. Jari ya tashi 50,000. Ta raba kaya a shaguna, duka ya kama 62,000. Sai ta ce ta ci ribar 12,000, har ta yi wa ƙanwarta alkawarin takalmi. To amma 20,000 daga ciki bashi ne, masu shago sun ce sai ƙarshen wata. Abin da ke hannunta 42,000 ne, bai ma kai ta sake haɗa kaya irin na farko ba. A takarda ta ci riba, a aljihu jari ya ragu. Kuma ba ta cire ladan wahalarta ba, ba ta cire na ledar da ta fashe a hanya ba. Zagaye uku a haka, sai ka ji an ce kasuwa ce ba ta yi. Kasuwa ta yi, lissafi ne bai yi ba. Wannan fa shi ake koyarwa a darasin farko na akanta.

Na san abin da wasu za su ce, don maigidana ma ya faɗa: kasuwanci ai a gindin uwa ake koyonsa, ba a aji ba. Akwai gaskiya a ciki. Babu malamin da zai koya miki gane fuskar wanda ba zai biya bashi ba, ko ranar da ya kamata ki shiga Dawanau kafin hatsi ya tashi. Wannan namu ne. Amma akwai inda iliminmu ya tsaya. In yarinya za ta sa kaya a leda ta kai manyan shaguna, sai da lambar NAFDAC. In za ta buɗe asusun kasuwanci a banki, sai ta yi wa sunan sana'arta rajista a CAC, kuma tun dokar 2020 mutum ɗaya ma yana iya buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai. Ga haraji, ga albashin yaran shago, ga yarjejeniyar haya da ake sa hannu ba a karanta ba. Ni sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci na fara rubuta bashi a littafi, kuma tun daga lokacin musu da abokan ciniki ya ragu. To ina ga wadda ta yi digiri?

Kada dai a fahimce ni a karkace. Ban ce a cire yarinya daga karatun magani a mayar da ita kasuwanci ba, wallahi a'a. Fanninta shi ne abin da za ta sayar. Kuma wadda karatunta ya yi nauyi, kamar masu likitanci, kada a ɗora mata. Ta bari sai hutu ko lokacin hidimar ƙasa.

Ga abin da nake roƙo ƙungiya ta duba. Duk 'yar da za a ciro wa rance a nan, ta zo da kanta, ba uwarta kaɗai ba, ta kawo a rubuce: nawa ne jari, nawa za ta sayar, nawa za ta iya bayarwa bashi, yaushe za ta fara biya. In ta kasa rubutawa, ba korarta za a yi ba, a zaunar da ita a koya mata tukuna. Sannan 'ya'yanmu da ke jami'a, in sun zo dogon hutu, su riƙa zama da ma'ajiya suna taya ta rubuta littafin ƙungiya, wata guda kuma su zauna a rumfar wata daga cikinmu wadda ba uwarsu ba, don a gaban uwa yarinya ba ta jin faɗa. Rumfata a buɗe take, zan ɗauki biyu.

Hajiya shugaba, ina roƙon a sa wannan cikin abin da za a tattauna a zaman wata mai zuwa. Wadda take da 'yar da za ta shiga, ta ba sakatariya suna kafin a watse.