Jaridar Bango a Wani Aji a Rido

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai bayan dawowa daga koyon aikin malanta)



An ba ni minti kaɗan in faɗi abin da na gano a wurin koyon aikin malanta, ni kuwa na zaɓi in tsaya a kan abu ɗaya tak, watau wani kwali da muka riƙa mannawa a bangon aji kowace ranar Litinin. Na san wasu za su ce abin bai kai a tara jama'a dominsa ba. Ina roƙonsu su yi mini haƙuri har in kai ƙarshe.

Makarantar da aka tura ni tana Rido, a Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da Kogin Kaduna, kusa da matatar man fetur da aka buɗe a 1980. Wanda ya san wurin ya san cakuɗe yake: ga Gbagyi, ga Hausawa da Fulani, ga kuma mutanen da neman abinci ya kawo daga kudancin jiha da sauran sassan ƙasa. Hausa ce ke haɗa yaran a filin wasa, ko da yake ga da yawansu ba ita ake yi a gida ba. An ba ni aji biyar. A makon farko na rubuta jimla uku a allo na ce a kwafa, aka kwafa da rubutu mai kyau har na ji daɗi a raina. Da na share allon na ce kowa ya tashi ya karanta abin da ke cikin littafinsa, sai ido ya raina fata. Yara da dama sun zana haruffan nan daidai, ba su bar ko ɗigo ba, amma ba su san abin da suka rubuta ba. Ashe shekara huɗu suka yi suna koyon zane, mu muna ce masa rubutu.

Na daɗe ina tunanin inda laifin yake. Kun dai san a 2017 gwamnatin jihar nan ta yi wa malaman firamare jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, aka ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba, aka yi ta muhawara a kai. Ba ni da niyyar sake buɗe wannan gardama yau. Abin da ni na gani shi ne, ko malamin kirki ne, tsarin da ya tarar bai ba yaro dalilin yin rubutu ba. In an ba da insha'i, kan maganar ba ya wuce "Makarantarmu" ko "Babban Abokina". Yaro ya rubuta, malam ya bi da jan biro, ya sa huɗu bisa goma, a rufe littafi. Mutum ɗaya ne ke karantawa a duk duniya, shi ma kuskure yake nema. To, wane ne a cikinmu zai yi ɗokin magana in ya san mai sauraronsa ƙirga tuntuɓen harshensa kaɗai yake yi?

Abin mamaki, kakanninmu sun san wannan. A makarantar allo, ranar da almajiri ya sauke Alƙur'ani, akan yi masa allon zayyana, ya zaga da shi gidajen dangi, a duba, a sa albarka, a yi masa kyauta. Karatun da ya yi shekaru yana yi a zaure sai ya fito fili jama'a su shaida. Haka kuma in muka duba yadda rubutun boko na Hausa ya tashi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga yana neman malamai su rubuta labari na ƙirƙira, da alkawarin za a buga. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ina so 'yan'uwana su lura da abu guda: Abubakar Imam an haife shi a 1911, Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1912, watau sa'ad da suka rubuta littattafan nan shekarunsu ba su wuce namu ba, kuma dukansu malaman makaranta ne. An ce musu akwai masu karantawa, sai suka rubuta. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, masu karatu suka riƙa aiko da wasiƙu daga larduna, domin mutum ya ga sunansa da na garinsu a takarda. A zamanin Yaƙi da Jahilci kuma, cikin shekarun 1950, aka fito da ƙananan jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, saboda an gane wanda ya koyi karatu yau, in bai sami abin karantawa da ya shafe shi ba, gobe sai ya manta.

Amma gaskiya dabarar da na bi daga wani malamin ƙauye na Faransa na aro ta, mai suna Célestin Freinet, wanda muka ci karo da shi a darasin tarihin ilmi. An ji masa rauni a huhu a Yaƙin Duniya na Farko, bai iya doguwar magana a gaban aji, saboda haka dole ya nemi hanyar da yara za su yi aikin da kansu. A 1924, a ƙauyen Bar-sur-Loup, ya shigo da ƙaramin injin ɗab'i cikin aji. Yara su rubuta abin da suka ga dama, a karanta, aji ya zaɓi ɗaya, a gyara shi tare a allo, sa'an nan a buga. Daga baya har suka riƙa musayar abin da suka buga da yaran wata makaranta a can wani gefen ƙasar.

Mu ba mu da injin ɗab'i. Kwali muka samu daga wani mai shago, da 'yan ƙusoshi, da sitaci na manna takarda. Na nemi iznin shugaban makaranta, ya yarda, amma ya ja mini kunne kada in taɓa lokacin lissafi. Ranar Laraba kowa ya rubuta abin da ya gani ko ya ji cikin mako, da Hausa ko da Turanci, ko da layi biyu ne. Ranar Alhamis a karanta a zaɓi biyar. Ranar Juma'a mu gyara su tare a allo, masu su kuma su sake kwafa da hannunsu, kowa ya sa sunansa a ƙasa. Litinin da safe a manna.

Fitowa ta farko ba ta yi armashi ba. Kusan kowa "Makarantarmu" ya sake rubutawa, domin sun ɗauka tarko ne na kafa musu. Sai a mako na biyu wani yaro da ke zama can baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya kawo layi huɗu a kan yadda akuyarsu ta haihu da dare, ta haifi uku, ɗaya ya mutu. Kurakurai sun fi kalmomin kirki yawa, amma da aka karanta aji ya yi tsit, sa'an nan tambayoyi suka ɓarke: wane launi ne, me ya kashe shi, ina aka binne shi. Na ce kada ya amsa da baki, ya rubuto amsa mako mai zuwa. Ya zo da rabin shafi. Daga nan labarai suka fara zuwa: yadda ake yi wa masara taki, rigimar layin ɗiban ruwa, motar da ta maƙale a taɓo a hanyar Mararraban Rido, kuɗin mudun gari a kasuwa. Wata yarinya ta riƙa kawo tatsuniyoyin kakarta na Gbagyi tana mayar da su Hausa, kuma su ne aka fi cinkoso a gabansu.

Abin da ban zata ba shi ne ɓangaren karatu. Na kafa kwalin domin rubutu, sai ga shi ya fi aiki wajen karatu. Da an tashi tara sai ka ga yara sun yi dafifi a bango, wanda ya iya yana karantawa da ƙarfi, wanda bai iya ba yana bin yatsansa. Dalilin a fili yake. Yaron da ya riga ya ji labarin akuyar nan ranar Alhamis, ya san mai ita, ya san unguwar, in ya tsaya gaban takarda ranar Litinin ya san abin da yake nema, sai ya gane kalmar "akuya" da idonsa, gobe ya gane ta a wani wuri. Littafin karatun da aka raba musu kuwa, wanda yara huɗu ko biyar ke tarayya a kan guda, labarin wasu mutane ne a wani gari da ba su sani ba, cikin harshen da ba su gama ji ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankin da yake zaune, amma a aji da na gani Turanci ake rubutawa a allo, a yi bayani da Hausa, yaro ya tashi bai iya rubuta ko ɗaya ba.

Kada in sa ku zaci komai ya tafi sumul. Matsala ta farko gyara ce. Wata rana wani yaro ya rubuta cewa "baki" sun zo gidansu, yana nufin baƙi, aka fashe da dariya. A ranar aji duka ya koyi amfanin lanƙwasar da ke kan ƙ fiye da yadda shifta goma za ta koyar, amma yaron nan, wanda Hausa ba harshen gidansu ba ce, ya yi mako biyu bai sake kawo komai ba. Laifina ne, domin ni na rubuta jimlarsa a allo da sunansa a kai. Bayan wannan na daina sa suna lokacin gyara, sai an kai ga bango. Na kuma daina gyara kome da kome, sai abin da zai ɓata ma'ana da abu ɗaya da muke koyo a makon. Wani malami da ya daɗe a aiki ya ce mini manna takarda mai kuskure a bango koya wa yara kuskure ne. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, har yau kuwa ban gama yanke hukunci a kanta ba. Abin da na sani dai, duk ranar da na tsananta gyara, mako mai zuwa takardu sai su ragu.

Matsala ta biyu ta fi nauyi. Duk wanda ya tashi a Kaduna ya san tun rikicin shekarar 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka, mutane suka yi ta ƙaura kowa ya koma cikin nasa. Yara kuwa abin da suka ji a gida shi suke kawowa. Wata Alhamis aka kawo mini takarda mai ɗauke da magana marar daɗi a kan addinin wasu 'yan ajin, kuma a bayyane yake daga bakin manya aka kwaso ta. Ban karanta ta a fili ba. Na kira mai ita gefe muka yi magana, sa'an nan aji ya kafa doka da kansa: ba zagi, ba sunan maƙwabci a labarin faɗa, ba abin da ba ka gani ko ka ji da kunnenka ba. A mako na gaba na roƙi kowa ya rubuta yadda ake shirin Salla ko Kirsimeti a gidansu, tun daga ɗinki har girki. An yi gardama mai zafi a gaban kwalin, amma a kan wa ya fi iya soya nama aka yi ta.

Sauran matsalolin ƙanana ne: ruwan sama ya shigo ta taga ya jiƙe fitowa guda, takarda ta yi ta ƙarewa, kuma yara uku ko huɗu masu baki suka so mamaye bangon, sai da muka sa doka wanda aka manna nasa ya huta mako biyu. Na kuma lura iyaye sun fara leƙowa. Wata uwa da ta kawo wa ɗanta abinci ta tsaya ta sa shi ya karanta mata nasa har sau biyu, ita kuwa ba ta yi boko ba.

Yanzu ga abin da ya sa na nemi a ba ni wannan dama. Lokacin koyon aikina ya ƙare, na bar kwalin a hannun malamar ajin da yara uku da aka zaɓa editoci. Ta yi alkawarin ci gaba, amma ita kaɗai ce a kan aji mai yawan gaske, ga rajista, ga jarrabawar ƙarshen zango. Ina da roƙo biyu. Na farko, kowannenmu yana da tsofaffin takardun lacca da bayansu fari ne, waɗanda ƙarshensu wajen mai ƙosai ne. A tara mana su a ofishin ƙungiya. Na biyu, a cikinku akwai waɗanda suka yi koyon aiki a makarantun Tudun Wada da Kawo da Rigasa. Ina neman mutum ɗaya ko biyu da za su kafa irin wannan kwali a can, domin mu riƙa musayar fitowa sau ɗaya a wata, yaran Rido su karanta na ƙetaren kogi, na ƙetare su karanta nasu. Ko hoto aka ɗauka da waya aka aiko, malami ya sa a kwafa, ya wadatar. Yaran sun riga sun tambaye ni ko akwai masu kiwon awaki a can, na ce su rubuta su tambaya. Wasiƙunsu goma sha ɗaya suna cikin jakata, wanda ke so ya same ni bayan an tashi.