Tsohuwar Takarda Ba Shara Ba Ce

Jama'a, maganar yau a kan tsohuwar takarda ce, wadda akan share daga ofis da makaranta da kanti, a kai juji ko a cinna mata wuta.

Da farko ya kamata a san asalinta. Tarihin ƙasar Sin ya nuna a shekara ta 105 Miladiyya wani ma'aikacin fadar sarki mai suna Tsai Lun ya kai wa sarkinsa takardar da ya yi da ɓawon itace da tsummoki da tsofaffin tarun kamun kifi. Watau tun farkon fari da abin da aka yar aka yi ta. A ƙasar Hausa kuwa, fatake ne suke kawo ta daga Tarabulus a kan raƙuma, yawancinta ta Italiya ce mai tambarin jinjirin wata uku. Saboda tsadarta malamai ba su kan wulakanta ko da ɗan guntunta ba. Sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 Turawa suka gano dabarar niƙa itace a yi takarda da shi. Daga nan ta yi araha, darajarta ta zube a idon mutane.

Abin lura shi ne, zaren itacen da ke cikin takarda ba ya lalacewa don an yi rubutu a kansa. Idan an tara tsofaffin takardu an kai masana'anta, sai a jiƙa su cikin babbar tukunya, a dama har su koma kamar kunu. Sa'an nan a tace, a fitar da ƙarafa da leda, a wanke tawada, a shimfiɗa, a matse, a busar. Ga sabuwar takarda ta samu. Akan iya juya zare ɗaya haka kamar sau 5 zuwa 7 kafin ya gajarce ya kasa kama ɗan'uwansa.

Amfanin wannan aiki yana da yawa. Na ɗaya, ana rage saran itatuwa, gama kowace takardar da aka sake sarrafawa ta tsaya a madadin sabon itace. Na biyu, aikin bai kai na niƙa ɗanyen itace cin ruwa da wutar lantarki ba, domin an riga an ware zaren tun karon farko. Na uku, takardar da aka binne a juji, idan ta ruɓe inda iska ba ta shiga, takan fitar da iskar gas mai suna mitan, wadda take cikin abubuwan da ke ƙara ɗumamar duniya. Wadda aka ƙone kuwa hayaƙinta yana cutar da ƙirjin yara da tsofaffi. Wadda aka watsar a titi ita ce take haɗuwa da leda ta toshe magudanar ruwa, da damina ruwa ya shiga gidajen mutane.

To, amma tarawa kaɗai ba ta isa ba. Masana'anta ba za ta sayi tsohuwar takarda ba sai idan tana da masu sayen abin da ta yi da ita. Saboda haka mai sayen kayan ofis, da shugaban makaranta, da maigida, su riƙa neman kayan da aka yi da takardar da aka sake sarrafawa, kamar ambulan da kwali da kiret ɗin ƙwai da takardar bayan gida. Ciniki shi ne yake raya sana'ar, har masu yawon tara kwali su sami abin kai wa iyali.

Ga abin da ake roƙon kowa ya yi. A yi rubutu a gaba da bayan takarda kafin a rabu da ita. A ware ta daga sauran shara, a ajiye inda ruwa ba zai taɓa ta ba. Wadda ta sha mai, kamar ta ƙunshin ƙosai ko tsire, kada a haɗa, gama takan ɓata sauran. Mai ɗauke da ayoyin Alƙur'ani ko sunan Allah a keɓe ta dabam, a bi da ita yadda malamai suka koyar.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma akan yi magani. Allah ya ba da ikon kiyayewa, amin.