ANNOBA DA ƘIDIDDIGA: WA AKA ƘIRGA, WA AKA TSALLAKE?



Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da cutar korona ta shigo Nijeriya ta Ikko. Ran 30 ga Maris Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar kulle a Ikko da Ogun da Abuja. Ma'aikacin gwamnati ya zauna gida albashinsa na zuwa. Amma ɗan dako a Mile 12, da mai ga-ruwa a Agege, da mai yankan farce a Sabon Badun, duk ranar da ba su fita ba, ba a ɗora tukunya.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi nata ƙoƙari. Ta bayyana cewa tsakanin Afrilu da Yuni na 2020 arzikin ƙasa ya ragu da kashi 6.1 cikin ɗari. Marasa aikin yi sun kai kashi 27.1, kafin ƙarshen shekara kuma suka kai 33.3. A watan Maris na 2021 tsadar abinci ta ƙaru da kusan kashi 23 bisa ta shekarar da ta gabace ta.

To, amma yaya aka samo waɗansu daga cikin alƙaluman? Da yake malaman ƙididdiga ba su iya bin gida gida, sai hukumar, tare da Bankin Duniya, ta buga waya ga gidaje 1,950, aka sami kashi 42 na masu aiki sun daina. Gidajen nan kuwa an tsamo su ne daga jerin waɗanda aka riga aka rubuta tun 2018 da 2019. Ɗan ci-rani mai kwana a rumfar kasuwa ko harabar masallaci, wanda iyalinsa ke Sakkwato shi yana Ikko, da wuya wayar ta same shi.

Haka aka yi wajen rabon agaji. An ba da Naira 20,000 ga gidajen da ke cikin rajistar matalauta, wadda Shugaba Buhari ya umarta a faɗaɗa daga gida miliyan 2.6 zuwa 3.6, alhali kuwa ƙididdigar 2019 ta nuna talakawa sun kai mutum miliyan 83.

Ko mamata ma ba su tsira ba. A Kano, cikin Afrilu 2020, masu haƙa kabari ne suka fara lura da yawan gawa. Sai da aka bi gidaje ana tambayar iyalai, sa'an nan Ministan Lafiya, Dokta Osagie Ehanire, ya ce mutum 979 suka rasu, kuma mai yiwuwa ne kashi 50 zuwa 60 korona ce sanadinsu.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su buɗe littafi, su rubuta sunan kowane baƙo da sana'arsa da garinsu. Rabon Nijeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 kuwa an ɗage ta.