Likitan da Ya Kawo Ƙarshen Sarautar Ƙasar Sin



Fiye da shekara 2,000 ƙasar Sin tana hannun sarakuna, har ranar 12 ga Fabrairun 1912, da sarki Puyi, yaro ɗan shekara 6, ya sauka daga karaga. Jagoran masu neman wannan sauyi shi ne Sun Yat-sen, ɗan manomi da ya kammala karatun likita a Hong Kong a 1892, sannan ya yi shekara 16 yana gudun hijira.

Ranar 1 ga Janairun 1912 aka rantsar da shi shugaban riƙon ƙwarya a Nanjing, amma ƙarfin soja yana hannun Janar Yuan Shikai. Domin a tabbatar da saukar sarki, Sun ya bar masa kujerar. Yuan ya rushe majalisa, a 1915 kuma ya ayyana kansa sarki. Tawayen larduna ya tilasta masa janyewa, sai ƙasa ta faɗa hannun madugan yaƙi, alhali yawancin talakawa ba su iya karatu ba.

Sauke sarki aikin rana guda ne. Renon ɗan ƙasa mai iya tambayar shugaba dalili kuwa, a ajinmu yake farawa. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.