Magana a kan wayar hannu da igiyarta da ba a gani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku malamai, iyayenmu da 'yan'uwanmu, da ku almajirai, abin da zan yi magana a kansa yau yana cikin aljihun kowannenku, ina roƙo a rufe masa baki har mu ƙare.

Ku sani wannan aba ba ta daɗe a duniya ba. A shekara ta 1973 wani Ba'amurke, Martin Cooper, ma'aikacin kamfanin Motorola, ya tsaya bakin titi ya yi kira na farko da ita, nauyinta ya fi kilo ɗaya. Ba ta yaɗu a ƙasarmu ba sai 2001, zamanin Obasanjo, sa'ad da Econet da MTN suka soma. Kafin nan layukan waya a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba, mai son magana sai ya bi layi a ofishin NITEL. Yau kuwa sun haura miliyan 150, a duniya kuma yawan layuka ya ɗara yawan bil'adama.

To, me ta yi wa manomi? Ta tsawaita masa kunne. A da mai masara a ƙauyen Bakori ko Ƙafur ba shi da labarin kasuwa sai abin da dillali ya ga dama ya faɗa masa, ya ɗora buhu bisa jahilci, in ya isa ya tarar kasuwa ta faɗi ba shi da ikon komawa da kaya. Yanzu tun yana gindin rumbu zai ji yadda buhu ya kwana a Dandume, da yadda ya tashi a Dawanau ta Kano, sa'an nan ya yanke shawara. An auna wannan a ƙasar Nijar, maƙwabtanmu: wata malama Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi daga 2001 zuwa 2006, ta iske inda waya ta shiga ratar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wannan fa'ida ce babba, ba mai musunta sai wanda ya saba ci da duhun kan talaka.

Amma ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani. Ana cewa ba ta da igiya. Igiya tana nan, ba a ganinta ne kurum. Muryarka ba ta tafiya kai tsaye ga ɗan'uwanka, sai ta hau ƙarfen sabis ɗin nan da ke bayan gari, shi kuwa ƙarfen yana son mai, yana son maigadi, yana son izinin hukuma. Wayar taka ce, ka saye ta da kuɗin waken suyarka, amma bakin igiyar yana hannun wani.

Mun gani da idonmu. A watan Satumba na 2021, wato 1443 ta Hijira, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka yanke sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Funtua da Malumfashi da Bakori da Dandume da Faskari da Sabuwa. Dalili sananne ne, ɓarayin daji da ita suke jin motsin soja, da ita suke cinikin fansa. Ban zo yanke wa hukuma hukunci ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai dai abin ya faɗo daidai da kaka, ba a soma maidowa ba sai Disamba. Mutum ya hau tudu yana ɗaga hannu sama, wani ya biya kuɗin mota zuwa Zariya ko ƙasar Kano domin magana ta minti biyu. Gari ya ga ɓarayi tafe, ba halin kiran maƙwabta. Farkon 2023 kuma, da aka canza takardun naira kuɗi suka ɓace, sai ga mai tiya biyu ta gero yana jiran saƙo ya shigo waya kafin ya saki hatsinsa.

Abin da ke tafe kuwa ƙari ne, ba ragi ba. MTN ta buɗe 5G a manyan birane a 2022, Starlink mai aiki da tauraron ɗan'adam ta shigo a 2023, kuma a wasu ƙasashe an soma haɗa waya da tauraro ba tare da ƙarfen ƙasa ba. Kada wannan ya ruɗe ku. Ƙarfe ya koma sama ne, mai makulli ya ƙara nisa.

Saboda haka ga shawarata. Bashin taki, da jinginar gona, da ajiyar hatsi wurin ɗan kasuwa, kada a bar su cikin saƙon murya, domin waya tana faɗawa rijiya, ana sace ta, ana rufe layi. A rubuta a takarda gaban shaidu biyu. Ku almajirai, wannan aikinku ne, tawada da alƙalami ba sa jiran sabis. Wanda ya iya jan baƙi ya rubuta wa ƙauyensu da ajami, wane ya karɓi buhu kaza daga wane, ranar kaza ga wata. Na ce a takarda, domin haruffan Larabcin da ke cikin yawancin wayoyi na mutanen gabas ne, ba za ka sami fa mai ɗigo a ƙasa irin ta allonmu ba. Lambobin mutum uku kuma, na mai unguwa da na ɗan'uwa a birni da na mai mota, a sa yara su hardace su, a kuma rubuta su a bayan takardar.

Wassalamu.